Malam Apollos Bai Ce Ba

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, shekarar 2025, da la'asar sakaliya, aka fara ɓata wa Malam Apollos suna. Shi ya ce duk mai ba da labarin nan ya fara da ranar, don kada gobe wani ya ce abin daga sama ya faɗo.

Malam Apollos ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana koyar da labarin ƙasa, kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na unguwar Karewa a Jimeta. Bai tara komai ba sai suna. In gardama ta kaure a majalisar Hosea mai shayi, ko kan nisan Garwa ko kan shekarar da ruwa ya ci Jimeta, da zarar wani ya ce "Malam ne ya ce," magana ta mutu. Waɗannan kalmomi su ne motarsa, su ne benensa. Yana lallaɓa su yadda wasu ke lallaɓa gonar gado.

Katanga ɗaya ta raba shi da Bappa Bobboyi, tsohon mai kula da sito, wanda ba ya iya shanye kofin shayi bai ba da labarin yadda shi da mafarauta suka fatattaki 'yan Boko Haram daga Mubi ba. Labarin ya fara da mutum uku da ya kama da hannu. Zuwa bana sun kai cikin tirela.

A ranar da ake magana Bappa ya iso majalisa yana baza babbar riga, ya zauna a tsakiyar benci, ya ce a ba kowa shayi. Sannan ya sanar cewa mijin 'yarsa Adawiyya, wanda ke aiki a Kanada, ya gayyace shi farautar karibu.

Hosea ya tsaya da buta a hannu. "Karibu kuma? Kifi ne, Bappa?"

"Kai dai ka tsaya a madara da suga. Dabba ce."

"Wace iri?"

"Irin ta can," in ji Bappa, ya kurɓi shayi mai zafi don kada a ƙara tambaya.

Sai idanu suka juyo kan Malam Apollos. Da ya san abin da zai biyo baya da ya ce kansa na ciwo. Amma mutumin da ya saba riƙe alli ba ya jin tambaya ta faɗi ƙasa ya bar ta. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da tsohon littafinsa mai hotuna, ya share tabarau, ya buɗe a kan cinya. Ya nuna musu dabbar, ta fi gwanki gashi, ƙahonninta sun yi rassa kamar bishiyar da ta zubar da ganye. Ya ce ƙasar da take kiwo sanyinta ya fi na cikin firinji. Ya ce tana jin warin mutum daga nesa, shi ya sa ake tunkararta ta inda iska ba za ta kai mata ba. Ya ƙara da cewa babu hanyar mota a wurin, wanda ya harbe sai ya saɓa nama a baya.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutum goma sha wani abu suna wurin, suna nan da ransu.

Bappa ya buga cinya. "Useko, Malam, na gode. Na gane komai. Daga gobe zan fara horo."

"Ban ce ka yi horo ba."

"Ai mai ilimi ba sai ya faɗa duka ba."

Washegari da tsakar rana, lokacin da kwaltar Jimeta ke kama takalmi, kare ma ya nemi ƙarƙashin mota, aka ga Bappa ya fito daga layin 'yan gwanjo sanye da kwat biyu, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu. Masu keke suna rage gudu su kalla. Wani ya ce, "Baba, zazzaɓi ne?"

"Horo ne. Malam ne ya ce."

Da labarin ya kai wa Malam, ya tako har ƙofar gidan Bappa ya yi masa bayani a hankali, kamar ɗan aji ɗaya, cewa mai sa kwat a rana zafi yake koya wa jikinsa, ba sanyi ba. Bappa ya gyaɗa kai, ya ce, "Gaskiyarka. Sanyi ake nema." Malam ya koma gida yana jin ya gyara ɓarna.

Kwana biyu bayan haka wata mata ta buga ƙofarsa kamar za ta ɓalle ta. Madam Endurance ce, mai ɗakin sanyin da ake ajiye kifi a bayan kasuwa, wadda Hausa ba ta gama zama a bakinta ba.

"Oga tisa, na you send am? Wannan tsoho ta zo ta ce ka ce ta zauna cikin kifi na!"

Ashe Bappa ya lallaɓa yaran shagon, ya shiga da singileti da gajeren wando, ya zauna a kan katan ɗin kifi ya ce a rufe. Ba a jima ba ya ji yatsunsa sun daina amsawa. Ya tashi zai buga ƙofa, santsi ya ɗebe shi, ya rungumo jerin katan suka zo ƙasa tare. Da aka buɗe, kifi ya riga shi fitowa. An shanya shi a rana kan buhu, haƙoransa na kaɗawa, jama'a sun kewaye shi, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa da ya iya haɗa leɓe shi ne sunan Malam.

"Madam," in ji Malam Apollos, yana danne murya, "cewa na yi sanyin ƙasar ya fi na firinji. Ban ce kowa ya shiga firinji ba."

"To ka ambaci firinji ko ba ka ambata ba?"

"Na ambata, amma a matsayin misali."

"Ehen!" ta ce, ta juya ga matan da suka biyo ta kallo. "Kun ji da kunnenku. Ta ambata."

Liyatu, matar Malam, tana tsaye a bakin kicin da ludayi. Da suka watse ta ce, "Baban Virtue, daga yau in an tambaye ka ko ƙarfe nawa, ka ce ba ka sani ba."

"Ba zan ce ban sani ba alhali na sani."

"To ka ci gaba da sani."

Sai maganar wari ta taso. Bappa ya yi lissafinsa, ya ce in dabba na gudun warin mutum, magani shi ne mutum ya daina warin mutum. Ya hau mota zuwa Namtari wurin wani ɗan'uwansa mai shanu, ya kai kwat ɗin nan biyu ya binne su a turke, suka kwana uku shanu na taka su. Ya dawo da su a jikinsa, ga kuma ƙarnin kifin da bai gama fita ba. A motar dawowa direba ya mayar da shi saman kaya. Da ya iso majalisa, bencin da ake rigima a kansa kullum ya zama nasa shi kaɗai. Ƙudajen Karewa kaf suka yi masa rakiya.

Hosea ya toshe hanci da gefen riga. "Bappa, don girman Allah koma bayan iska."

"Ka gani?" Bappa ya ce da murna. "Har ka koyi maganar farauta. Faɗa mini gaskiya, kana jin warin mutum a jikina?"

"Ko kaɗan."

"To aikin Malam ke nan."

Da yamma Ummu Salma, matar Bappa, ta leƙo ta kan katanga. Mace ce mai kiwon raguna, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ba a nemi ƙari.

"Malam, jam na, lafiya dai? Na zo godiya. Tun da ka ba shi wannan karatu, na fitar masa da tabarma zaure, na samu barci. Sai dai ragunana sun fara bin shi suna shinshinarsa, ka rage darasin haka."

"Adda Ummu, wallahi ban ce ya shafa komai ba."

"Ai na sani. Amma unguwa ba ta sani ba."

Nan ne ciwon yake. Bappa ya saɓa buhun masara yana zagaya unguwa don koyon ɗaukar nama, buhun ya huje, kajin layi uku suka bi shi har gida, aka ce Malam ne ya ce. Yara suka ɗauka. Wanda aka kama ya sa hannu a tukunya sai ya ce Malam ne ya ce. Mai keke ya bi hannun da ba nasa ba, aka yi masa tsawa, ya leƙo ya ce Malam ne ya ce, aka fashe da dariya. Ranar Lahadi a harabar coci gardama ta tashi kan ko kogin Benuwai daga Kamaru ya taso, Malam ya ba da amsa daidai, sai wani dattijo ya ce, "To, bari dai mu duba a waya." A gabansa. Ya koma gida bai ci abinci ba.

Ranar Asabar da hantsi Bappa ya yi sallama, ya tsaya daga nesa kamar yadda kowa ya koya masa.

"Malam, yau gwajin ƙarshe. Na haɗa karibu a filin bayan makaranta. Zo ka duba ko ya yi kama da na littafi."

"Ba inda za ni. Kai, me ka haɗa?"

"Zo ka gani."

Liyatu ta ce kada ya je. Ya ce zai je ne kawai ya tsayar da wannan hauka a gaban shaidu, ya dawo. Ya ɗauki littafin don ya zama hujja.

A filin ya tarar da babban ragon Ummu Salma, farin balami wanda take kiwo don layya, an ɗaure shi a turke. Bappa ya sassaro rassan dogon yaro ya ɗaure masa a ƙaho da tsumma. Ragon na tsaye yana hura hanci, yana ƙoƙarin cin ƙahonsa na hagu. Shi kuwa mafarauci ya yi cikakken shiri: kwat biyu na Namtari, bargo a kai, hular sanyi ja har gira, ga tsohuwar bindigar kakansa, harba-ruga, a hannu.

Malam ya buɗe baki zai yi faɗan da ya shirya tun daga gida. Sai idonsa ya sauka kan rassan.

"Wa ya ce maka haka suke?"

"Ba haka ba ne?"

"Ka sa su sun miƙe sama kamar eriya. Baya suke fara tafiya, sannan su lanƙwaso gaba. Ga shi a hoto. Kai, ba ka kallo ne?"

"To gyara mini, Malam. Ni bari in koma bayan iska."

Ya kamata ya juya ya tafi. Ya sani, Liyatu ma ta sha faɗa masa tun daga ranar. Amma abu a karkace a gabansa, kuma a ce daga littafinsa aka kwafa, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya saƙale littafin a hammata, ya kama ƙahon rago, ya shiga kwance tsumma yana ɗaurawa daidai. Igiyar turken tana shiga masa ƙafa, sai ya kwance ta ya ajiye gefe.

Tun shekarun da bam ya tashi a Jimeta, ba a ganin mutum da ƙatuwar riga cikin zafi a wuce shi. Wata mai tallan awara ta hango abu lulluɓe da bargo yana jan ciki a cikin ciyawa da bindiga, ya nufi bayan makaranta. Ta ajiye tire ta kwasa da gudu tana ihu. Kafin Malam ya gama ƙahon dama, 'yan banga sun zagaye filin da gora da adduna, bayansu rabin Karewa.

"Kai mai bargo! Ajiye bindiga! Hannu sama!"

Bappa ya ɗago a kan gwiwa da hannu, ya juya yana neman mai magana, ya ba rago baya. Ragon nan ya jure tsumma, ya jure rassa, ya jure rana. Da ya ga wani abu mai ƙafa huɗu, mai warin turken da ba nasa ba, ya shigo masa fili, sai ya fizge daga hannun Malam, ya ja da baya taku kaɗan, ya sunkuyar da kai da dukan dogon yaron da ke bisa.

An ji ƙarar har shagon Hosea. Bappa ya tashi sama da bargonsa, bindiga ta yi gabas, hula ta yi yamma, ya sauka yana kiran "Inna! Inna am!" Ya miƙe ya zura, ragon ya bi shi. Suka zagaya filin, suka sake zagayawa, 'yan banga na tsalle suna ba su hanya. A ƙarshe gwarzon Mubi ya faɗa cikin kwalbati ya ƙudundune, rago ya tsaya a baki yana cin ganyen da ya zubo masa a goshi.

Shugaban 'yan bangan, Abednego, ɗalibin Malam ne a da. Ya sa aka jawo Bappa, aka tsaya nesa aka ce ya tuɓe da kansa. Kwat na farko ya fita, jama'a suka ja da baya saboda wari. Na biyu ya fita. A ƙarƙashi sai ga suwaita ruwan hoda mai furanni.

"Tawa ce," in ji wata murya daga baya. Ummu Salma ce ta iso, da igiya a hannu.

Wani ya ɗauko bindigar ya leƙa bakinta, ya ga zanzaro ya gina ɗaki a ciki har ya yi 'ya'ya.

Abednego ya ce, "Bappa, wa ya sa ka wannan aiki a bayan makaranta?"

Bappa ya ɗaga hannu yana haki, ya nuna. Duk filin ya juya. Ga Malam Apollos tsaye, reshen dogon yaro a hannun dama, tsumma a hagu, littafi a hammata buɗe daidai shafin karibu.

"Sa," in ji Abednego, da irin kiran da ya saba yi masa a aji, yana sosa ƙeya, "ka yi haƙuri, sai ka zauna a ƙasa tukuna. Haka dokar take."

"Abednego Hosea! Ni na koya maka inda gabas take!"

"Na sani, Sa. Zauna dai."

Ya zauna. A ƙasa, cikin farin wandonsa mai guga, kusa da Bappa, ta inda iska ke kawowa. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su.

Bappa, da ya ga ya samu abokin zama, ƙarfinsa ya dawo. Ya ce, "Ku yara ba ku san ni ba. Lokacin Mubi..."

"Lokacin Mubi," Ummu Salma ta katse shi tana ɗaure ragonta, "kana Jalingo gidan ƙanwarka. Ka ce za ka sayo katin waya, sai bayan wata biyu muka gan ka."

Filin ya ɗauki ihu.

"Maganar Kanada kuma, tun da an taru bari in huta da ita. Ni aka yi wa takarda. Adawiyya ta kusa haihuwa, wankan jego za ni. Yaron nan cewa ya yi in Allah ya kai ka wata rana zai nuna maka dabbar. Ka sani, kana zaune aka yi wayar."

"To wata ranar ba za ta zo ba ne? Laifi ne mutum ya shirya?"

"Shirya ka share zaure. Kai za ka yi kiwon ragunan in na tafi."

Aka sallame su kafin azahar. Kafin magariba hoton ya kai Yola, ya kai Numan, ya kai wa Virtue 'yar Malam a Abuja, ta bugo tana tambaya ko Baba lafiya.

Malam Apollos ya kwana uku bai fita ba. A na huɗu ya sa farar riga, ya je ya tsaya a ƙofar zauren Bappa, ya faɗi sharaɗinsa: a majalisar Hosea, inda abin ya fara, da la'asar, a gaban jama'a, Bappa ya tashi tsaye ya wanke shi.

Bappa bai yi musu ba. Ya yi wanka har sau biyu, ya sa babbar riga, ya aika aka kira Madam Endurance da Abednego da mai awara. Majalisa ta cika har kan titi. Ya miƙe, yana dafe da inda rago ya same shi, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, na tara ku ne in ba maƙwabcina haƙuri. Ba don komai ba," ya juya ya nuna shi da girmamawa, "Malam ne ya ce."

Hosea ya saki buta. Madam Endurance ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Wani yaro ya faɗo daga kan katanga. Bappa ya tsaya yana dube-dube, yana tambayar me ya faɗa kuma, ai wannan karon gaskiya ce.

Malam ya jira har dariyar ta lafa. Sannan ya tashi, ya gyara tabarau, ya yi magana da muryar da yake tsayar da aji da ita.

"Wannan ba ban haƙuri ba ne, kuma ban karɓa ba. Bobboyi, za ka sake. Nan wurin, ranar Talata mai zuwa, da Hausa sannan da Fulatanci, don kada wani ya ce bai ji ba. Za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kwat, da firinji, da turke, da masara, da rago, kowanne ka ce, 'Ni na ce, Malam bai ce ba.' Abednego, kai za ka kawo kujera ka ajiye mini da hannunka. Duk wanda ya ɗauki hotona a ƙasa ya zo da wayarsa ya ɗauki wannan, ya tura inda ya tura wancan. In ka haɗa sunana da kalmar 'ya ce' ko sau ɗaya, mu koma farko."

Bappa ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Can ya ɗago a hankali.

"To Malam, in mutane suka tambaye ni wa ya sa ni, in ce wa?"

"Ka ce ragon," in ji Malam Apollos. "Ranar Talata. Ina jira."